Tare Hanya da Fasa Bututu: Shin Zafafawa Tana Ceton Muhalli?

Tambaya: Malam, ina karatun nazarin muhalli a jami'a, kuma mun yi gardama mai zafi a aji kan 'yan fafutukar nan na Turai da ke tare manyan tituna suna manna hannuwansu a kwalta, har wasunsu suka watsa miya a kan wani zane a gidan tarihi. Wasu abokaina sun ce in ba a yi haka ba babu mai saurare, wasu kuma sun ce baƙin jini kawai suke jawo wa harkar. Shin irin wannan zafafawa ta taɓa kawo gyara, kuma ina iyakarta?

Amsa: Gardamar da kuka yi a aji ita ce dai wadda ƙungiyoyin kare muhalli suke yi a tsakaninsu fiye da shekara 40, kuma abin da ya hana ta ƙarewa shi ne kowane ɓangare yana riƙe da misalai na gaskiya. Kafin mu duba su, wajibi ne a rarrabe abubuwan da ake zubawa a buhu ɗaya a kira su zafafawa. Matar da ta rungume bishiya don kada a sare ta, da matashin da ya zauna a tsakiyar titi ya hana jama'a wucewa, da wanda ya bi dare ya cinna wa gini wuta, da wanda ya ɗauki makami ya fasa bututun mai, dukansu ana ce musu masu tsattsauran ra'ayi, alhali abin da kowannensu ya haifar a tarihi ya sha bamban ƙwarai. Abin da na fahimta daga bibiyar waɗannan fafutuka shi ne, zafafawa tana iya tsayar da aiki, tana iya jinkirta ɓarna, tana iya juyo da fuskar mutane zuwa ga abin da suka kau da kai daga gare shi, amma da wuya ta kammala aikin ita kaɗai. Sai an samu kotu, ko zaɓe, ko majalisa, ko masu saye a kasuwa, waɗanda za su karɓi matsin su mai da shi hukunci mai ɗorewa.

Bari na fara da inda ta yi aiki ƙarara. A tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya, gwamnatin jiha ta ƙuduri aniyar gina madatsar ruwa da za ta nutsar da kwarin kogin Franklin, ɗaya daga cikin kogunan da suka rage a can ba a taɓa su ba. Daga watan Disamba na 1982 mutane suka fara shiga dajin a ƙananan kwalekwale suna tare hanyar kayan aikin gini, 'yan sanda suna kama wasu, wasu suna zuwa, har aka kama fiye da mutum 1,200, cikinsu da likita Bob Brown wanda ya jagoranci fafutukar. Tarewar ba ta hana aikin ci gaba ba. Abin da ta yi shi ne ta kai hotunan kogin cikin talabijin ɗin kowane gida daidai lokacin da ƙasar ke shirin zaɓe. Jam'iyyar Leba ta Bob Hawke ta yi alkawarin dakatar da madatsar, ta ci zaɓe a watan Maris na 1983, gwamnatin jiha ta ƙi bin umarni, aka tafi babbar kotun ƙasa, a ranar 1 ga Yuli kuma alƙalai 4 cikin 7 suka ba gwamnatin tarayya gaskiya. Kogin yana nan yana gudana har yau. Da babu tarewar, da wuya maganar kogin ta shiga yaƙin neman zaɓe, da kuma babu zaɓen da hukuncin kotun, da mutanen sun gama zaman kurkukunsu sun fito sun tarar da madatsar a tsaye.

Misali na biyu ina so ka riƙe shekararsa, domin zan dawo gare ta. A 1995 kamfanin Shell ya samu izinin gwamnatin Birtaniya ya nutsar da wani katafaren tankin ajiyar mai da ya tsufa, mai suna Brent Spar, a tekun Atlantika. A ƙarshen watan Afrilu 'yan ƙungiyar Greenpeace suka haye kansa a tsakiyar teku suka zauna, aka yi ta fesa musu ruwa daga jiragen ruwa, duniya tana kallo. Amma a gidajen mai na Jamus aka karya lagon kamfanin, inda masu motoci suka daina shan mansa, ciniki ya faɗi, har shugaban gwamnati Helmut Kohl ya nuna wa takwaransa na Birtaniya rashin amincewarsa. A ranar 20 ga Yuni kamfanin ya janye, a 1998 kuma ƙasashen yankin suka haramta zubar da irin waɗannan tsofaffin kayan haƙar mai a teku. Sai dai nasarar tana da tabo. Greenpeace ta yi iƙirarin cewa akwai fiye da tan 5,000 na mai a cikin tankin, daga baya ta gano kuskurenta ta nemi afuwa a watan Satumba, bincike mai zaman kansa kuma ya nuna abin da ke ciki wajen tan 100 ne. Abokan hamayyarta sun yi shekaru suna yi mata gori da wannan, kuma duk ɗan fafutukar da ke ƙara gishiri a alƙaluma ya kamata ya san bashi yake ci da mutuncin ƙungiyarsa.

Haka labarin yake da matan ƙauyen Reni a tsaunukan Himalaya na Indiya, waɗanda a 1974, ƙarƙashin jagorancin Gaura Devi, suka tsaya tsakanin 'yan kwangila da bishiyoyin dajinsu a fafutukar da ake kira Chipko, har gwamnatin Indira Gandhi ta hana sare ɗanyun bishiyoyi a yankin na tsawon shekara 15 daga 1980. Haka manoma da matasan da suka mamaye filin Notre-Dame-des-Landes a Faransa har gwamnati ta fasa gina filin jirgin sama a wurin a 2018. Haka kuma mutanen Panama da suka rufe manyan hanyoyin ƙasarsu fiye da wata guda a 2023 kan kwangilar wata mahaƙar tagulla, har kotun ƙoli ta ce kwangilar ta saɓa wa tsarin mulki, aka rufe mahaƙar duk da cewa tana samar da kusan kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasar. Idan ka lura, a duk waɗannan akwai abu guda da ake so a dakatar, yana da suna da wurin da za a nuna da yatsa, akwai mutum ko hukumar da ke da ikon cewa an fasa, asarar da tarewar ke jawowa tana faɗawa ne a kan mai wannan iko, kuma mutanen wurin ko masu jefa ƙuri'a suna tare da masu tarewar.

Ko da waɗannan sharuɗɗa sun kusa cika, ana iya tashi hannu wofi. A 2016 'yan asalin Amurka na yankin Standing Rock, tare da dubban magoya baya, suka kafa sansani na watanni don hana bututun mai na Dakota Access ratsawa ta ƙarƙashin kogin Misuri kusa da inda suke samun ruwan sha. An sakar musu karnuka, an fesa musu barkonon tsohuwa da ruwa cikin tsananin sanyi, ba su tashi ba. A watan Disamba gwamnatin Obama ta hana izinin ratsawar, a watan Janairu na 2017 Donald Trump ya ba da umarnin a maido da shi kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi, zuwa watan Yuni mai ya fara gudana. Abin da sa hannun shugaba ɗaya ya bayar, sa hannun wani ya karɓe, domin ba a kai ga kafa shi a doka ba. Bayan haka jihohi fiye da 12 suka tsananta hukunci kan masu zanga-zanga a kusa da bututun mai, a watan Maris na 2025 kuma masu taya alƙali yanke hukunci a Dakota ta Arewa suka ce Greenpeace ta biya kamfanin bututun fiye da dala miliyan 660, kuɗin da alƙali ya rage daga baya amma har yanzu ya isa ya durƙusar da ƙungiya.

Yanzu sai matasan da ka ambata. Sauyin yanayi, wanda shi ne abin da suke yaƙi a kai, ba shi da ƙofar gida ɗaya da za a je a tsaya. Hayaƙin da ke ɗumama duniya yana fita daga motar kowa, da tashar lantarki, da masana'antar siminti, da jirgin sama, a ƙasashe kusan 200, kuma babu mutum ɗaya da zai ce an fasa a daina. Da suka rasa wanda za su tare, sai suka koma tare wa jama'a hanya, da fatan cewa hayaniyar za ta kai kunnen masu mulki. A watan Afrilu na 2019 ƙungiyar Extinction Rebellion ta mamaye wasu muhimman wurare a tsakiyar Landan, ciki har da gadar Waterloo da mahaɗar Oxford Circus, fiye da mako guda, aka kama fiye da mutum 1,000. A ranar 1 ga Mayu majalisar dokoki ta ayyana cewa ana cikin halin gaggawa game da yanayi, a watan Yuni kuma Birtaniya ta sa a doka cewa zuwa 2050 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. Magoya bayan ƙungiyar suna lissafa wannan cikin nasarorinsu, kuma suna da rabo a ciki, amma adalci ne a faɗi cewa gwamnati ta riga ta nemi shawarar kwamitinta na masana kan wannan manufa tun 2018, 'yan makaranta ma suna ta ƙaurace wa aji a ranakun Juma'a a wancan lokaci. Zanga-zangar ta iske tukunya tana gab da tafasa, ta ƙara mata wuta. Bayan wata 6, a tashar jirgin ƙasa ta Canning Town da ke unguwar masu ƙaramin ƙarfi a gabashin Landan, wasu 'yan ƙungiyar suka hau saman jirgi da sassafe, fasinjojin da ke sauri zuwa aiki suka jawo su ƙasa da duka. Wanda aka tare ranar shi ne ma'aikacin da ya bar mota ya hau jirgin lantarki, mutumin da ba shi da iko a kan rijiyar mai ko ɗaya. A ƙarshen 2022 ƙungiyar da kanta ta sanar da cewa takura wa jama'a ta daina zama babbar dabararta.

Ƙungiyar Just Stop Oil ce ta ɗauki tutar, da buƙata guda, wato a daina ba da sabon lasisin haƙar mai da gas. 'Yan wannan ƙungiya ne suka watsa miyar tumatir a kan zanen Van Gogh a watan Oktoba na 2022, zanen yana bayan gilashi bai lalace ba, katakon da ke kewaye da shi ne ya taɓu. A watan Nuwamba suka hau ƙarafunan alamomi na babbar hanyar M25 da ta kewaye Landan, suka dagula zirga-zirga har kwana 4. Hukuma ta mayar da martani da dokar 2023 wadda ta mai da ɗaure jiki ko manne shi a wuri laifi, a 2024 kuma aka yanke wa Roger Hallam, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ɗaurin shekara 5 saboda shirya tarewar, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 4, matasan da suka watsa miyar su ma aka ɗaure su. A 2025 ƙungiyar ta ajiye wannan salo tana cewa buƙatarta ta zama manufar gwamnati, tunda jam'iyyar Leba da ta hau mulki a 2024 ta yi alkawarin daina ba da sabon lasisi. Ana gardama kan ko su ne suka jawo hakan ko kuwa jam'iyyar dama can ta nufa. Dokokin da aka tsaurara kuwa suna nan daram, kuma za su hau kan duk wanda ya fito zanga-zanga nan gaba, ko kan albashi ne ko kan yaƙi.

Masana sun yi ƙoƙarin auna wannan, sakamakon ya fito da fuska biyu. Herbert Haines ya nuna a 1984 cewa a gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, bayyanar masu zafin ra'ayi ta sa gudummawar kuɗi ta ƙaru ga ƙungiyoyi masu sassauci, domin mai mulki idan ya ga mai zafi sai mai sanyi ya zama abokin shawara. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature Sustainability a 2024 ya tarar cewa bayan tarewar M25 goyon bayan jama'a ga ƙungiyar Friends of the Earth, wadda ba ta tare hanya, ya ɗan ƙaru. A ɗaya gefen, gwaje-gwajen wasu masana daga jami'o'in Toronto da Stanford sun nuna cewa ayyukan zafafawa suna rage goyon baya ga ƙungiyar da ta aikata su. Babu saɓani tsakanin biyun, domin mutum yana iya jin haushin wanda ya tare masa hanya, ya kuma ƙara karkata ga wanda ke yi masa magana a hankali kan batu ɗaya. Amfanin yana samuwa ne idan akwai mai sassaucin da ya shirya karɓar mutanen, kuma jama'a suna iya bambance shi da mai zafin. Za ka kuma ji ana ambaton binciken Erica Chenoweth da Maria Stephan a kan gwagwarmaya 323 tsakanin 1900 da 2006, wanda daga bayanansa aka fitar da maganar cewa fitowar kashi 3.5 cikin 100 na al'umma ta isa ta kawo sauyi. Wannan bincike a kan kawar da masu mulkin kama-karya da 'yan mamaya aka yi shi, ɗora shi a kan sauya makamashin duniya ya yi nisa, kuma darasin da ke cikinsa shi ne yawan jama'a, abin da ɗan ƙaramin rukuni mai ɓata wa jama'a rai ke iya kora. Ra'ayina game da miyar shi ne ta sa an yi ta magana a kan miya da zane da hukunci, maganar lasisin mai kuwa ta zo a ƙarshen labari.

Duk da wannan hayaniya, hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa daga mai da gas da kwal ya kai wajen tan biliyan 37 a 2023, fiye da kowace shekara kafinta. Abin da ya fi ba ni fata shi ne faɗuwar farashin lantarkin hasken rana da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023, kuma dokar da Jamus ta yi a 2000 don tallafa wa lantarkin rana da iska, tare da masana'antun Sin, ne suka fi jawo hakan. Amma idan ka bi sawun dokar baya, za ka isa garin Wyhl na Jamus, inda a 1975 manoma da ɗalibai suka mamaye filin da za a gina tashar nukiliya har aka fasa ta. Daga irin wannan gwagwarmaya jam'iyyar masu kare muhalli ta Greens ta fito a 1980, ta shiga majalisa a 1983, ta shiga gwamnati a 1998, aka yi dokar da ita. Shekara 25 ke nan tsakanin zaman filin da rubuta dokar, kuma waɗanda suka rubuta ta sun amince da zaman majalisa da yarjejeniya, abin da masu zafin cikinsu suka kira cin amana. Wannan hanya ce kuma ta kai Jamus ga rufe tashoshin nukiliyarta na ƙarshe a 2023 alhali tana ƙona kwal, matakin da masana yanayi da yawa suke ganin kuskure ne, domin zafin fafutuka ba ya tabbatar da cewa abin da ake nema shi ne daidai.

Game da ɓarnata dukiya, tarihin Amurka ya isa shaida. Wasu magoya bayan ƙungiyar Earth First!, wadda aka kafa a 1980, sun riƙa buga manyan ƙusoshi cikin bishiyoyi don zarto ya karye idan an zo yanka. A 1987 zarto ya bugi irin wannan ƙusa a wata masana'antar katako a Kalifoniya, ya kusa kashe wani ma'aikaci. Ba a tabbatar da wanda ya buga ƙusar ba, amma laifin ya rataya a wuyan ƙungiyar, har Judi Bari, ɗaya daga cikin jagororinta, da abokanta suka fito a 1990 suka yi tir da dabarar, saboda sun gane cewa mai yankan katako talaka ne da ya kamata a jawo shi kusa. A 1998 ƙungiyar Earth Liberation Front ta ƙona gine-ginen wani wurin shaƙatawa a Vail, jihar Kolorado, asarar ta kai wajen dala miliyan 12. An sake gina wurin, faɗaɗawar da suke adawa da ita ta ci gaba, hukumar FBI ta sa su cikin manyan barazanar ta'addanci na cikin gida, daga 2005 aka kama su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka ba da shaida a kan 'yan'uwansu. Ba su kashe kowa ba, amma kalmar ta'addanci da suka buɗe wa ƙofa ta shafi har masu zanga-zangar lumana.

Ka kuma tuna cewa kalmar zafafawa tana canza nauyi daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da ke kai mutum kurkuku a Landan yana kai shi kabari a wani wuri. An kashe Chico Mendes a Brazil a 1988 saboda tare masu sare dajin Amazon da hannu wofi, an kashe Berta Cáceres a Honduras a 2016 saboda adawa da madatsar ruwa, ƙungiyar Global Witness kuma ta ƙirga fiye da mutum 2,100 da aka kashe saboda kare ƙasa da muhalli tsakanin 2012 da 2023. Kwaikwayon dabarar Turai ba tare da kotu da jaridar da ke kare mai yinta ba ganganci ne. Akwai kuma matsalolin da babu wanda za a tare a cikinsu, kamar ƙarewar itatuwa a ƙasar Hausa, inda mai sayar da gawayi da mai sayensa duk talakawa ne. Manoman Maradi da Damagaram sun farfaɗo da bishiyoyi wajen miliyan 200 a fili kusan hekta miliyan 5 ta hanyar barin tohon kututture ya girma a gona, kuma abin da ya taimaka musu shi ne tabbacin cewa gawon da manomi ya kula da shi har ya girma nasa ne.

Na ce zan dawo 1995. A shekarar da masu motocin Jamus suka tilasta wa Shell janye maganar tanki cikin mako 7, a ranar 10 ga Nuwamba gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye marubuci Ken Saro-Wiwa, jagoran fafutukar al'ummar Ogoni ta yankin Neja Delta, da mutum 8 a Fatakwal, bayan wata kotu ta musamman ta same su da hannu a kisan dattawan Ogoni 4, shari'ar da duniya ta yi tir da ita har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Kwamanwel. Ƙungiyarsu ta MOSOP, mai adawa da ɓarnar da haƙar man Shell ke yi wa ƙasar Ogoni, ba ta ɗauki makami ba. A ranar 4 ga Janairu na 1993 ta fito da mutum wajen 300,000 cikin al'ummar da ba ta wuce rabin miliyan ba sosai, kuma a wannan shekara kamfanin ya daina haƙar mai a ƙasar Ogoni. Ta fuskar tsayar da aiki, da wuya ka samu nasarar da ta kai wannan a duniya. Bambancinsu da Jamusawa shi ne, mai motar Jamus yana da kuɗin da zai hana da ƙuri'ar da zai jefa, manomin Ogoni kuwa gwamnatin da zai kai wa kuka ita ce mai kaso mafi girma a cikin man. Babu kotu ko zaɓen da zai karɓi matsin, sai soja ya karɓe shi.

Darasin da matasan yankin da yawa suka ɗauka daga rataye waɗannan mutane shi ne lumana ba ta biya. Daga 2006 ƙungiyar mayaƙan Neja Delta mai suna MEND ta shiga sace ma'aikatan mai da fasa bututu, har Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi afuwa a 2009, aka sa wa dubban tsofaffin mayaƙa alawus na naira 65,000 a wata. A 2016 ƙungiyar Niger Delta Avengers ta rage haƙar man ƙasar daga ganga wajen miliyan 2.2 a rana zuwa wajen miliyan 1.5, a shekarar da tattalin arziki ya karye. Makami ya samo kuɗi da kwangila da kujerar tattaunawa, wannan ba a musunsa. Muhalli kuwa asara ya ƙara yi, domin duk bututun da aka fasa a cikin ƙoramar masunta yake zuba, kuma dokar Najeriya ba ta wajabta wa kamfani biyan diyya kan malalar da zagon ƙasa ya jawo ba, don haka masu fasa bututu sun miƙa wa kamfanoni hujjar da suke kare kansu da ita har yau. Kwatanta wannan da ɗaruruwan matan da suka mamaye tashar mai ta Escravos da ke jihar Delta a watan Yuli na 2002 wajen kwana 10 ba tare da ko sanda ba, suka fito da alkawarin ayyukan yi da makarantu da asibiti, ko da yake an daɗe ana ƙorafin cewa ba a cika alkawuran duka ba.

Abin da Ogoni suka samu a hannu ya zo ne a makare, ta hanyar takarda da lauyoyi. A 2009 Shell ya biya dala miliyan 15.5 a wata shari'a a New York ba tare da amsa laifi ba. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya ce tsabtace ƙasar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ta kuma tarar da sinadarin benzin mai jawo sankara a ruwan rijiyoyin garin Ogale na ƙasar Ogoni ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi sau 900. A 2015 masuntan garin Bodo suka samu fam miliyan 55 daga Shell a Landan kan malalar 2008, malalar da ta faru saboda bututun da ke ɗauke da man wasu yankuna bai daina ratsa ƙasar Ogoni ba ko da aka rufe rijiyoyinta. Ba na jin lauyoyin Landan da masanan Majalisar Ɗinkin Duniya za su san sunan Bodo da Ogale in ba don tattakin 1993 da abin da ya biyo bayansa ba. An ƙaddamar da aikin tsabtacewar a 2016, yana tafiyar hawainiya. A 2025 Shell ya kammala sayar da kamfaninsa na haƙar mai a tudu, Shugaba Tinubu ya yi wa mutanen 9 afuwa bayan kusan shekara 30 da rataye su, iyalai da magoya bayansu suka ce wankewa suke nema tunda afuwa ga mai laifi ake yi, gwamnati kuma tana tattaunawa da shugabannin Ogoni kan sake buɗe rijiyoyin man da suka yi shiru tun 1993.